Asusun karatu: mu ɗauki nauyin Malama ta koma jami'a ko kuwa?

Dogara (sakataren asusu): Gaisuwa gare ku iyayena da 'yan'uwa, ina gajiya? Shugaba ya ce in kawo wata magana nan zaure, domin mun zauna a kwamiti ranar Asabar mun kasa tsayar da ita.

Kun san asusun taimakon karatu da muke zubi duk wata. Tun da aka kafa shi yara muke biya wa: kuɗin WAEC da NECO, fom ɗin JAMB, wani lokaci rajistar shekarar farko. To bana takarda ta zo mana daga wata 'yar'uwarmu, malamar firamare, shekarunta 44, tana da NCE, wato takardar shaidar malanta, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Tana so ta yi digiri a fannin koyarwa a wata jami'ar mishan da ke wata jiha. Ta yarda a tattauna amma kada a kama suna, saboda haka wanda ya gane ta ya bar wa cikinsa. Mu ce mata Malama kawai.

Abin da ke cikin asusun gaba ɗaya bai kai kuɗin makarantar na shekara guda ba. In muka ba ta ko da rabi, wasu yara za su rasa bana. Kwamiti ya rabu biyu. Ku ba mu shawara.

Kawu Bitrus: Dogara, ni ban ga abin muhawara a nan ba. Asusun na yara ne. Na ji an ce babban ɗanta bana zai rubuta JAMB, ai takardarsa ya kamata ta kawo mana. Ita ta riga ta sami abin yi, tana da albashi komai ƙanƙantarsa. Ba ƙin ta nake yi ba, Allah ya sani, amma in tuwo bai isa gida ba yara ake fara zuba wa.

Maman Rahila: Kawu, ina wuni. Yaran da kake cewa a fara zuba wa, wa ke ciyar da su? Albashin nan da ka ce komai ƙanƙantarsa, shi take so ta ɗaga. Mai NCE akwai matakin da in ya kai sai ya tsaya yana kallo, yaran da ya koyar su zo da digiri su zama shugabanninsa. Ina da magana mai tsawo, bari in sauke tukunya.

Injiniya Haruna: Assalamu alaikum. Ni tambayata ɗaya ce: me ya sa sai wata jiha? A Zariya fa muke, garin da mutane ke barin Legas da Maiduguri su zo neman ilimi. ABU na nan tun 1962. Cibiyarta ta ilimi tana da karatun dogon hutu, wanda malamai ke ce wa LVT, don malaman da ke bakin aiki aka tsara shi: in an yi hutu su shigo, in an koma makaranta su koma ajinsu. Akwai kuma sashenta na karatu daga nesa. Ga NOUN, jami'ar karatu daga gida, wadda aka farfaɗo da ita zamanin Obasanjo saboda irin waɗannan bayin Allah. Daga Wusasa zuwa Samaru, inda ABU take, kuɗin mota ne kawai, ta yi lacca ta dawo ta kwana da 'ya'yanta. In takardar ake so, ga ta a bakin ƙofa, kuma a kuɗin da asusu zai iya ɗauka ba tare da an hana yaro ko ɗaya ba.

Yohanna: Yaya Haruna ya gama magana. Ni kuma abin da ke ƙona mini rai daban ne. Waɗannan jami'o'in na coci da kuɗin wa aka gina su? Da baikon iyayenmu mata ne, masu sayar da ƙosai da masu saƙa. Ina yaro na sha ganin ana raba ambulan a coci, a ce na gina jami'armu ne, tsofaffi su kwance bakin zane su sa. Yau an gama gini, ɗan mai ƙosai ba ya iya leƙa ƙofar. Yanzu kuma mu sake haɗa kuɗin talakawa mu kai musu? Su ya kamata su ɗauke wa Malama kuɗin, ba mu ba.

Baba Istifanus: Yohanna ɗana, sassauta. Maganarka da gaskiya a ciki, amma bari in koma da ku baya kaɗan, tunda na ga yaran yanzu sun ɗauka karatun manya wani sabon abu ne da ake yi wa mutum alfarma.

Likita Mila, Baturen mishan, ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, mishan ta dawo nan Wusasa a 1929, shekarar da aka gina majami'ar St. Bartholomew. Kowa ya san manyan da suka fito daga nan, Dakta Dikko likita na farko ɗan Arewa, Farfesa Ishaya Audu da ya riƙe ABU daga 1966 zuwa 1975, Janar Gowon da ya tashi a nan. Su ake ambata kullum. Abin da ba a faɗi shi ne, a ƙauyuka aikin da manya ya fi tafiya. Mutum da gemunsa, mace da goyo, su zauna ajin baftisma ana nuna musu a, ba, ca, domin su iya buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932 su karanta da kansu. Mahaifiyata haka ta koyi karatu, tana da 'ya'ya a lokacin. Mai bishara ba ya kiran aji da hantsi, ya san kowa na gona. Sai la'asar sakaliya, ko da rani in an gama girbi.

Gwamnati ma da ta tashi Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, a nan Zariya hedikwatarsa take, littattafan kuma a kamfanin Gaskiya ake buga su. A zaurukan masu unguwa ake yin aji, da fitilar ƙwai. Ba a ce wa magidanci ya bar gidansa ya tare a makaranta ba, makarantar ce ta bi shi.

To ni tambayar da zan yi wa jami'ar nan da Malama ke so ita ce: ta tuna da wannan, ko ta manta? In ta tuna, ina bayan a taimaka. In kuwa so take Malama ta koma 'yar shekara 17, to a sake shawara.

Rabaran Ayuba: Baba, Allah ya ƙara girma. Yohanna, bari in ba ka amsa, don kada a ce mun yi shiru. Baiko ya sayi fili ya ɗora bulo, gaskiya ne. Amma jami'a ba gini ba ce kawai. Kowane wata akwai albashin farfesoshi, akwai man dizal, akwai ɗakunan gwaji da ɗakin karatu waɗanda in ba su cika ba hukumar NUC mai kula da jami'o'i ba za ta amince da kwas ba. Jami'ar gwamnati albashinta daga baitulmali yake fitowa, gine-ginenta da yawa TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ce ke yi daga harajin kamfanoni. Jami'a mai zaman kanta ba ta samun ko sisi daga can. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ma ɗaliban makarantun gwamnati kaɗai ya shafa. Duk nauyin yana kan kuɗin makaranta. Kuma ba mu kaɗai ba ne, ka tambayi 'yan'uwanmu Musulmi game da jami'ar Al-Qalam ta Katsina, wadda aka buɗe a 2005, shekara ɗaya da Bingham ta cocin ECWA da ke Karu. Kowace mai zaman kanta haka take fama.

Ban ce hakan ya wanke mu ba. Ikkilisiyar da ta iya haɗa kuɗin gini ta iya haɗa kuɗin tallafi, kuma a tarurrukanmu muna faɗin haka.

Yohanna: Ranka ya daɗe, kuna faɗi, amma mu ba mu gani a ƙasa ba.

Sani PZ: Masu buƙatar data mai sauƙi MTN da Airtel a yi mini magana.

Dogara: Sani, don Allah. Na goge. Wannan karo na biyu ke nan.

Maman Rahila: To na dawo. Duk kun tsaya kan kuɗin makaranta, ni kuwa da na yi digiri ina da shekara arba'in da wani abu, zan gaya muku kuɗin makaranta shi ne ƙaramin abin da ya wahalar da ni. Shi sau ɗaya ake nemansa a shekara, a ci bashi, a kwashi adashi, a wuce wurin. Sauran kuwa kullum ne.

Jarrabawar farko da aka ce a kwamfuta za mu yi, ban taɓa riƙe linzamin nan ba. Hannuna na rawa, na danna wani wuri shafin ya ɓace gaba ɗaya, ga agogo na tafiya a saman allon. Na ɗaga hannu, mai tsaron jarrabawar, yaro ne da bai kai ƙanena na uku ba, ya zo ya tsaya a kaina ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, Mama in ba ki iya ba ai da kin zauna gida kin yi renon jikoki. Aka yi dariya. Na san amsoshin tambayoyin nan, shekara nawa ina koyar da su, amma na fito ban taɓa rabi ba. A cikin Keke na yi kukana na share kafin in iso gida.

Sai maganar waya. Yanzu ba a raba takarda, komai a zauren WhatsApp na aji ake turawa. Shugaban aji zai rubuta ƙarfe sha ɗaya na dare cewa an dawo da laccar gobe ƙarfe bakwai na safe. Su yara suna hostal, sun gani. Ni wayata tana shagon maƙwabci ana caji tunda babu wuta. In aka ce aikin rukuni, ko dai su ƙi sa ni don kada in ja su baya, ko su sa sunana su ce Mama ke za ki biya kuɗin bugawa. Karatu kuwa sai ƙarfe uku na dare, in kowa ya yi barci, da 'yar fitilar caji a kan tabarma, rubutun wayar ƙanana idona na hawaye. Sai da na yi zango guda kafin wata ta ce mini ai tabarau kike buƙata.

Ga kuma bakin mutane. Ƙanwar maigidana har gida ta zo ta ce wai na bar ɗan'uwanta yana cin ɗumame ina yawon boko.

Abin da ya riƙe ni, wata tsohuwa ce a Zumuntar Mata ta coci, Allah ya ji ƙanta, da ta ce duk Asabar in kai mata autana in ɗauke shi da yamma. Sai wani lakcara ɗaya da ya ce mu manya biyar da ke ajin mu same shi bayan lacca ya maimaita mana a hankali, ba tare da yara suna kallo ba. Sai 'yata Rahila da ta zaunar da ni a kafe ta koya mini danna kwamfuta, tana yi tana dariya ina dungure mata kai. Cikin waɗannan mutum uku babu wanda ya ba ni naira ɗaya, amma ba don su ba da na ajiye karatun tun shekarar farko.

Saboda haka in za ku taimaki Malama, kada ku tura kuɗi ku ce kun gama.

Hajiya Binta: Maman Rahila, wallahi kin sa ni hawaye, don abin da ya sami yayata ke nan a wata makaranta, ita ba ta ƙarasa ba. Mu a Islamiyyar matan aure da muke yi a Tudun Wada mun gane abu ɗaya: in ka sa aji lokacin girki, ko malami daga Madina ka ɗauko ba wadda za ta zo. Muna yin namu bayan an kai yara makaranta, wasu kuma bayan isha'i, kuma mai goyo ta zo da goyonta ba mai harararta. Ba mu muka fara ba, Nana Asma'u ta yi haka da 'Yan Taru tun ƙarni na 19, ta horar da jajoji, wato malamai mata, ta tura su ƙauyuka wurin matan da ba za su iya barin gidajensu ba. Maganar Baba Istifanus ce dai.

Kuma tun kafin wani ya tayar, don na ji ana ƙus-ƙus a gefe: ni ba ni da matsala kuɗin zubina ya je jami'ar Kirista. Asusun nan ya biya wa 'ya'yanmu ba a tambayi inda za su ba. Ni dai a duba inda zai fi yi mata amfani.

Dakta Ladi: Barkanmu da yamma iyaye. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, saboda ni a irin wannan jami'a nake koyarwa, ba wadda Malama ke nema ba, kuma ba zan kama sunan tawa ba. Bari in faɗa muku yadda abin yake daga ciki.

Tun 1999 da aka ba jami'o'i masu zaman kansu na farko lasisi, Babcock da Madonna da Igbinedion, abin da jami'o'in mishan suka sayar wa iyaye abu biyu ne: babu yajin aiki, kuma za mu tsare muku 'ya'ya. Duk tsarinmu a kan na biyun aka gina shi. Da yawa daga cikinmu dole ɗalibi ya kwana a makaranta. Ba ya fita sai da takardar izini, wani wurin sai an kira iyaye a waya. Ana kiran suna a ɗakin sujada, ana duba sutura, ana kashe fitila a lokaci kaza. Ga yaro ɗan 16 wannan shi iyaye ke biya. To ku ɗauko mace mai shekara 44 ku sa ta ciki. Ɗanta ya kwanta zazzaɓi a Zariya, sai ta je ta yi layi wurin mai kula da hostal, yarinyar da a haife ta haife ta, tana roƙon izinin fita. Fom ɗin ma akwai gurbin sa hannun uba ko mai riƙo. Na taɓa samun ɗalibi mai ritaya daga aikin soja, ya kawo mini fom ɗin ya ce, Dakta wa zan kai wa ya sa hannu a nan, jikana?

Ba mugunta ba ce, ba a yi tunaninsu ba ne kawai. Kuma abin haushi, su ne ɗaliban da suka fi daɗin koyarwa. In ina bayani kan yadda yaro ke koyon karatu, malamar da ta yi shekaru a aji ɗaya na firamare ita ke ɗaga hannu ta ce a littafi haka ne, amma in yara sun kai tamanin a aji ga abin da ke faruwa. Ajin gaba ɗaya sai ya farka.

Ga abin da ya kamata kwamiti ya bincika kafin a ba da ko kwabo. Da NCE ɗinta, in makinta ya kai, ta hanyar DE za ta shiga, wato aji biyu kai tsaye, amma sai ta bi ta JAMB, kuma sai kwalejin da ta yi ta aika da takardar sakamakonta. Wannan kaɗai yana iya cin watanni, musamman ga wanda ya gama tun kafin a fara sa komai a kwamfuta. A duba sakamakon sakandarenta, kiredit biyar har da Turanci da lissafi, don da yawa daga tsofaffin malamai nan suke maƙalewa, sai sun sake zama jarrabawar waje. Sannan in an ce mata akwai tsarin ƙarshen mako ko na hutu, a tabbatar NUC ta amince da shi a wannan kwas ɗin, ba a jami'ar kawai ba. Bautar ƙasa ba damuwarta ba ce, ta wuce 30, takardar yafewa za a ba ta, in kuma na wucin gadi ta yi akwai tasu wasiƙar daban.

In jami'ar ba ta da komai sai tsarin yara na Litinin zuwa Juma'a, ni da bakina nake cewa kada ta je.

Malam Garba Sufeto: Dakta ta manta abu ɗaya, kuma shi ne ke kayar da malamai. Hutun ƙaro ilimi. Sai ta rubuta ta hannun hedimasta zuwa sakataren ilimi, a kai SUBEB, hukumar ilimin firamare ta jiha, a ba ta amincewa a rubuce kafin ta fara. Na ga waɗanda suka yi digiri a ɓoye, suka kawo takarda aka ce ba da saninmu kuka tafi ba, ƙarin girma ya tsaya. Wanda kuma ya bar aji babu izini, sunansa mai gudun aiki. Tun abin da ya faru a 2017, da aka sallami malaman firamare sama da dubu 21 a jihar nan ta Kaduna bayan jarrabawar gwaji, ba malamin da ke wasa da fayil ɗinsa.

Kawu Bitrus kuma, game da shekaru: dokar tarayya ta 2022 ta kai ritayar malamai shekara 65 ko 40 a bakin aiki, kodayake kowace jiha da yadda ta karɓe ta. Ko a tsohon lissafi na 60 ma, Malama na da sauran shekaru masu yawa a gaban allo. Ka lissafa yaran da za su bi ta hannunta.

Kawu Bitrus: Na ji ku duka. Kowa ya iya cewa gemu ba ya hana ilimi, ni ma na iya. Amma har yanzu ba wanda ya amsa tambayar Haruna. Me ya sa sai can?

Maman Rahila: Kawu, na tura mata abin da aka tattauna, tunda ba ta cikin zauren. Ga amsarta, ta ce in sa yadda ta rubuta:

"Ina gaida iyayena duka, na gode da kuka ɗauki maganata da muhimmanci. Ba raina makarantun gida na yi ba. Dalilina biyu ne. Na farko yajin aiki. A 2022 wata takwas jami'o'in gwamnati suna rufe, ina gani ƙanwata ta zauna a gida har ta fara sayar da awara. Yaro in ya rasa shekara yana da wata, ni ba ni da ta zubarwa, ina so in gama kafin na biyu da na uku su iso jami'a. Na biyu, dangin maigidana. Da na ce zan koma karatu sun ce mace mara miji ba ta yawon jami'a, sai da na ce ta coci ce suka yi shiru. A gidansu nake zaune, ba na so in yi faɗa da su. Kuma ban roƙi a biya mini duka ba, ina da adashi, ina kiwon kaji. Abin da ke hana ni barci shi ne wa zai riƙe mini ƙananan biyu in na tafi, da kuma kwamfuta, don ban iya ba."

Injiniya Haruna: To yanzu na fahimta. Dalili na farko ina da ja a kai, don NOUN ba ta bin wannan yajin, kuma tun daga 2022 abin ya ɗan lafa. Na biyun ne mai nauyi, kuma wannan ba aikin asusu ba ne, aikin manya ne. Rabaran, Baba, in kuka taka har gidan kuka zauna da dangin nan, kuka ce ikkilisiya ce ta tsaya mata ko ina za ta yi karatun, ba na jin za su musa muku.

Rabaran Ayuba: Wannan kam za mu iya. Baba, in ka yarda mu je tare bayan sujada ranar Lahadi, na san babban wansu. Zan kuma rubuta wa jami'ar da kan takardar ikkilisiya in yi tambayoyin da Dakta ta kawo, in ƙara da ko suna da rangwame ga matan da mazansu suka rasu, da ko ana biya kashi-kashi. Sau da yawa akwai irin wannan a rubuce, ba a sanarwa ne, sai wanda ya tambaya.

Yohanna: Ranka ya daɗe, in sun amsa a sa amsar a nan kowa ya gani. Ko sun ce e ko sun ce a'a.

Baba Istifanus: Zan je, in an zo da mota, ƙafar ba ta kai ni yanzu. Amma Rabaran, kada mu je mu yanke mata inda za ta yi. Mu buɗe mata ƙofa biyun, ita ta zaɓa. Ba yarinya ba ce.

Dakta Ladi: Baba ya faɗi abin da nake ta so in faɗa wa hukumar makarantarmu. Wani abu kuma, ko ina ta zaɓa, kada ta jira sai an ba ta gurbi kafin ta fara koyon kwamfuta. Ta fara yanzu: buɗe imel, buga shafi ɗaya, tura fayil, amsa tambayoyi a allo da agogo na tafiya. Wata biyu na wannan ya fi mata kuɗin littafi amfani. Kuma ta je a duba idonta.

Injiniya Haruna: Akwai tsohuwar laftof a ofis, batirin ya mutu amma in an jona tana aiki. Zan sa a gyara a kawo gidan Maman Rahila.

Sani PZ: A yi haƙuri da na ɗazu. Shagona na buɗe ranar Asabar da safe ba mutane sosai, ta zo in koya mata kyauta, ni ba na yi wa manya dariya.

Hajiya Binta: Ƙananan biyun mata ne ko maza? In ranar Asabar ce kawai, a kawo su gidana su yi wasa da jikokina, Tudun Wada ba nisa. In kuwa tafiyar makonni ce, wannan sai Zumuntar Mata su zauna, ba aikin mutum ɗaya ba ne.

Maman Rahila: Mace da namiji ne Hajiya, Allah ya saka. Zan kai maganar taronmu na Alhamis.

Kawu Bitrus: Duk wannan ba ni da ja, tunda ba daga asusu zai fita ba. Amma Dogara ka rubuta a littafin taro cewa ni ban yarda a taɓa kuɗin yara ba sai an gyara dokar asusun a babban taro, kowa ya ɗaga hannu. In ana so a taimaki manya, a buɗe musu nasu layin, ni ma zan zuba. Gobe wani mai gemu zai zo, kada a ce an yi wa wata an hana shi.

Dogara: Na rubuta Kawu. Zan sa maganar layin manya cikin ajandar taron ƙarshen wata. Kafin nan kuɗin fom na DE da na takardar sakamako ba su da yawa, shugaba ya ce shi zai biya daga aljihunsa don kada lokaci ya ƙure. Saura wanda zai bi takardar a kwalejin, don Malama tana aji har ƙarfe biyu, ofis ɗin kuma in ba ka je da safe ba ba ka samun kowa.

Malam Garba Sufeto: Ku bar mini wannan, ritaya ta ba ni safiya. Maman Rahila, ki karɓo mini lambar rajistarta da shekarar da ta gama, da hoton satifiket ɗin gaba da baya, ki turo mini ta gefe, kada ki sa a nan.